Kundin Masana a Hannun Yaro

 

An nemi in yi magana a kan wani abu da ake ta ƙoƙarin cusawa cikin manhajojin karatun yara a ƙasashe da dama, wato kundin nan da masana kimiyya ke rubuta wa kwamfuta umarni a cikinsa ta amsa musu nan take. Wanda ya fi suna shi ne Jupyter. Da yake wasu a zauren nan ba su taɓa buɗe shi ba, bari in fara siffanta shi. Shafi ne dogo, an yanka shi gurbi-gurbi daga sama har ƙasa. Wani gurbin na bayani ne, ka rubuta abin da kake nufi da harshen mutane. Wani na umarni ne, ka rubuta da yaren kwamfuta, galibi Python, ka danna maɓalli, amsa ta fito a ƙarƙashinsa, ko lamba, ko jadawali, ko zane. Dalili da aiki da sakamako duk suna zaune a takarda ɗaya.

Ba don yara aka yi shi ba, kuma a kan wannan duk maganata ta yau ta rataya. Manhajar lissafi ta Mathematica ta zo da irin wannan shafi tun 1988. A 2001 wani ɗalibin kimiyyar fiziks ɗan ƙasar Kolombiya, Fernando Pérez, yana karatun digirin digirgir a Jami'ar Colorado ta Amurka, ya fara rubuta manhajar IPython don sauƙaƙa wa kansa bincike. A 2011 aka ƙara masa kundin da ke buɗewa a burauza, a 2014 kuma aikin ya zama Jupyter. Masu bincike ne suka gina shi domin masu bincike, mutanen da suka san abin da suke nema, suna da intanet, suna da wuta, suna jin Turanci.

A ɗaya ɓangaren akwai wata tsohuwar hanya da aka shimfiɗa wa yara tun daga tushe. Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, ya yi shekaru yana aiki da masanin tunanin yara Jean Piaget a Janeba kafin ya koma Amurka. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro yaren Logo, wanda daga baya ya yi suna da kunkurunsa: yaro ya ce masa yi gaba, juya dama, shi kuma ya tafi yana jan layi a bayansa. Ra'ayin Papert, kamar yadda ya baje shi a littafinsa Mindstorms na 1980, shi ne yaro ya riƙa ba kwamfuta umarni, kada kwamfuta ta zama ita ke juya yaro. Daga wannan tsatso Scratch ya fito a 2007, inda yaro ke jona tubala masu launi maimakon buga haruffa. Daga nan ne kuma manhajar Sugar ta fito, wadda aka ɗora a kan 'yar kwamfutar nan mai launin kore da fari ta shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro.

To, me kundin masana zai ƙara wa yaron da ya riga ya samu kunkuru da tubala?

Ku biyo ni cikin aji. Yarinya 'yar aji shida ta iya sa kunkuru ya zana murabba'i: gaba taki 100, juya dama digiri 90, sau huɗu. Malama ta ce yanzu a zana alwatika mai gefe uku daidai wa daida. Yarinyar ta tuna an koya mata cewa kowace kusurwar irin wannan alwatika digiri 60 ce, sai ta canza 90 zuwa 60, ta mayar da huɗu uku, ta danna. Abin da ya fito ba alwatika ba ne. Layi uku ne a buɗe, baki bai haɗu ba, rabin siffa mai gefe shida. Ta gwada 100, ya kusa, bai rufe ba. Ta gwada 120, ya rufe. A yawancin manhajojin yara, nan labarin ya ƙare, an yi tafi, an wuce. A kundi kuwa, gwajin 60 yana nan a gurbinsa da zanensa, na 100 yana ƙarƙashinsa, na 120 yana biye, sannan ga gurbin bayani a buɗe yana jiranta. Malama ta ce: rubuta min me ya sa 120 ta yi, 60 ba ta yi ba. In yarinyar ta kai ga rubuta cewa kunkurun sai ya juya zagaye cikakke, digiri 360, kafin ya dawo yana fuskantar inda ya fara, kuma 360 in an raba uku 120 ne, to ta riƙe wani abu da zai zana mata siffa mai gefe biyar ko takwas ba tare da an gaya mata ba.

Wannan gurbin bayani shi ne abin da nake so mu ɗauko. Sauran abubuwan da ke cikin Jupyter akwai masu yin su da kyau a wasu manhajojin. Amma wurin da yaro zai ajiye kuskurensa a fili, ya rubuta dalilinsa da bakinsa kusa da aikinsa, malami ya karanta ya ga ta inda tunanin ya bi, wannan ba kowace manhaja ke da shi ba. Malamin lissafi ya daɗe yana cewa a nuna aiki, kada a kawo amsa tsirara. Ga takardar da aka gina a kan wannan buƙata.

Sai dai babbar riga ce da aka ɗinka wa manya. In aka zura wa yaro ita yadda take, zai taka gefenta ya faɗi, kuma tela ne da laifi.

Wurin tuntuɓe na farko, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne abin da ido ke gani a shafi ba lallai ne ya zama abin da kwamfuta ke riƙe da shi a ƙwaƙwalwarta ba. A bayan shafin akwai wani inji da ke aiwatar da umarni, kuma shi ba ya bin jerin gurabe daga sama zuwa ƙasa, yana bin jerin da aka danna su ne. Misali, yaro ya rubuta a gurbin farko cewa farashin ƙosai naira 50. A na biyu ya rubuta adadi 6. A na uku ya ce a ninka, amsa ta fito 300. Sai ya koma sama ya mayar da 50 ta zama 70, bai danna ba, ko ya danna amma bai sake danna na uku ba. Yanzu shafinsa yana shaida cewa 70 sau 6 ya zama 300. Mafi muni, ya goge gurbin farko gaba ɗaya, amma komai ya ci gaba da aiki, domin injin bai manta da farashin ba. Washegari ya buɗe kundin, injin ya tashi sabo, sai jan rubutu ya fito da Turanci yana cewa bai san wani abu wai shi farashi ba. Yaro ɗan shekara 11 zai ɗauka shi ne ba ya ganewa, ko kuma kwamfuta tana yin abin da ta ga dama. Duka biyun mugun darasi ne.

Kada ku ɗauka yara kaɗai abin ke kayarwa. A 2018 wani injiniya mai suna Joel Grus ya tsaya a babban taron masu Jupyter kansu ya yi lacca a kan dalilin da ya sa ba ya son kundin, kuma wannan matsala ce a kan gaba. A 2019 João Felipe Pimentel da abokan aikinsa suka tattaro kundi sama da miliyan ɗaya daga dandalin GitHub. Cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin sake gudanarwa, kusan kashi 24 cikin ɗari ne suka kai ƙarshe ba kuskure, kuma kusan kashi 4 ne kawai suka ba da amsa irin wadda ke rubuce a cikinsu. Akwai dalilai da yawa, har da ɓacewar fayiloli da sauyin manhaja, amma danna gurabe a birkice yana cikinsu. Magani kuma ya samu. Kundaye irin su Observable da Pluto da marimo suna sake lissafa duk gurbin da ya dogara da wanda aka canza, ba sai an tuna ba. Duk wanda zai ƙera wa yara kundi ya ɗauki wannan tsari, ko aƙalla ya sa kowane danni ya fara daga saman shafi. A ganina wannan sharaɗi ne, ba ado ba.

Wurin tuntuɓe na biyu shi ne nauyi. Jupyter na asali abu uku ne ke tafiya tare: burauza, da saba, da injin aiwatarwa. Kwamfutar farko ta shirin da na ambata, XO-1, ƙwaƙwalwar aikinta megabait 256 ce kacal, kuma har yau kwamfutocin makarantu da yawa tsofaffi ne. Masu hali sun bi ta intanet. A Kanada shirin Callysto ya kai kundin ga ɗalibai daga aji 5 zuwa aji 12, injin yana can a wata babbar kwamfuta, ɗalibi burauza kawai yake buƙata. Colab na Google ma haka yake, sai da intanet da asusu, wanda ke jawo maganar shekarun yaro da bayanansa, abin da a Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta shafa. Faransawa sun bi wata hanyar a dandalin Capytale na makarantunsu, inda Python ke gudana a cikin burauzar ɗalibi kanta ta hanyar manhajar Basthon. JupyterLite, wanda ya fito a 2021, shi ma haka yake yi. Wannan ita ce hanyar da ta dace da mu. Lodin farko yana da nauyi, amma fayiloli ne da za a iya ajiyewa a kwamfuta ɗaya ta makaranta sauran su ɗauka daga gare ta ba a sayi data ba. Akwai wata riba kuma: umarnin da ke gudana a cikin burauza a killace yake, yaro mai ƙiriniya ba zai share fayilolin makaranta da layi ɗaya ba.

Maganar harshe ba zan daɗe a kanta ba. Gurbin bayani yana karɓar Hausa yau ɗin nan, kuma Python 3 yana yarda a sa wa abu suna da ƙ da ɗ da ɓ. Abin da ya rage shi ne saƙon kuskure, wanda ke fitowa da Turancin injiniyoyi. Felienne Hermans ta ƙasar Holan ta nuna da yarenta Hedy cewa ana iya fassara kalmomin umarni da saƙonnin kuskure, a kuma ƙara wa yaro ƙa'idoji kaɗan-kaɗan. Aiki ne da ɗaliban kwamfuta da na sashen Hausa za su iya haɗuwa su yi.

Shekaru fa? Yaron da har yanzu yake laluben harafi a kan madannai, a bar shi da tubala. Daga aji biyar ko shida zuwa ƙaramar sakandare, lokacin da ya iya rubuta jimla uku masu ma'ana a jere, nan kundi ya fara amfani.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ba na fasaha ba ne. Kundi yana da sauƙin zama takardar cike gurbi. Wani ya rubuta komai tun daga ofis, bayani da umarni, aka raba wa yara, su kuma su danna, su danna, su danna har ƙasa, zane masu kyau su fito, mai duba makarantu ya zo ya ga aji cike da launi. Ba abin da aka koya. Karatun aku ne da wutar lantarki. Mun kuma ga inda zuba kaya ba tare da gyara koyarwa ba ke kaiwa. Ƙasar Peru ta raba ɗaruruwan dubban kwamfutocin XO. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da binciken da ya yi a makarantun firamare 319 na karkara: bayan wata 15, yara sun iya sarrafa kwamfuta, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma ba a ga ƙari a lissafi ko harshe ba. Mu ma abin ya taɓa zuwa ƙofarmu, domin an gwada wannan kwamfuta a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja a 2007, kuma shirin bai bazu a ƙasar ba.

Saboda haka malamin da zai yi amfani da kundi dole ya taɓa rubuta nasa, ya ga jan rubutu ya fito masa, ya gyara. Dole kuma a rage masa abin da zai duba, domin karanta bayanin yara saba'in ba kamar duba amsa saba'in ba ne. A aji mai cunkoso, yara uku a kan kwamfuta ɗaya da kundi ɗaya ya fi, ɗaya na bugawa, biyu na gardama, kuma gardamar ma karatu ce.

Matasanmu masu ƙera manhaja, ina roƙonku kada ku kwaso Jupyter ɗungurungum ku liƙa shi cikin manhajar yara. Ku ba su shafi mai gurbi iri biyu da maɓalli ɗaya, wanda ke lissafi daga sama zuwa ƙasa, yana ajiye aiki da kansa kamar yadda Sugar ke yi, yana tashi ba intanet, yana faɗin kuskure da Hausar da yaro zai gane. Shugabannin kwalejojin ilimi, ku sa ɗaliban da za su koyar da lissafi da kimiyya su rubuta kundi da hannunsu kafin su fita koyarwar gwaji. Ku kuma malamai, ranar da aka kawo muku irin wannan manhaja a makaranta, ku buɗe ta ku duba ko an bar wa yaro gurbin da zai rubuta dalilinsa. In ba a bari ba, ku ce a koma a gyara.