Sassaƙe Da Allura: Jawabi Ga Makiyaya Da 'Yan Tike A Banyo

 

Maganar da ta tara mu ita ce ta maganin dabba. Kuɗin allura ya yi tsada, jabu ya cika kasuwa, shi ya sa da yawa daga cikinmu suka koma ga sassaƙe da saiwa da ganye. Wasu na cewa na daji ya isa komai, wasu na cewa camfi ne kawai. Mu dai mun bi abin a wurin dattawa da wurin malaman dabbobi, ga kuma abin da muka samo.

Da farko, itace ba ya gudu. Idan tsutsa ko fara ko akuya ta zo cinsa, ba shi da ƙafa ba shi da ƙaho. Makaminsa shi ne ɗaci da bauri da dafi da yake tarawa a ɓawo da 'ya'ya da ganye. Wannan makamin muke ara. Kowane kuma da inda yake kama abokin gaba.

Mu ɗauki bagaruwa. Kowa ya ga yadda majema ke jiƙa fata a ruwanta har fatar ta ƙanƙame ta daina ruɓa. Baurin nan, wanda masana ke kira tanin, abin da yake yi wa fatar akuya shi yake yi wa jikin tsutsar ciki. Yana manne mata a fata da baki. Ƙaramar tsutsa da dabba ta haɗiya da ciyawa tana cikin wata riga ce, sai ta tuɓe ta kafin ta kama ciki, to tanin na hana ta tuɓewa da sauƙi. Manyan kuma ƙwansu ya ragu, wato kashin da dabba ta zubar ba zai ɓata makiyaya kamar da ba. Marke ma na da wannan bauri. Amma ku lura, ragewa yake yi, ba ya sharewa. Idan kuma ya yi yawa sai ya kama abincin da ke cikin tumbi shi ma, dabba ta rage ci, ta rame. Akuya ta fi saniya jure shi, don ita da ma mai cin ganyen itace ce. Maraƙin da haɓarsa ta kumbura da ruwa, cikin fatar idonsa ya yi fari, tsutsa ta riga ta shanye masa jini. Wannan ya wuce bagaruwa, a nemi maganin tsutsa na likita da gaggawa.

Maɗaci, wanda muke kira ɗalehi da Fulatanci, an gwada ɓawonsa kan tumaki a jami'o'in Najeriya, an ga ƙwan tsutsa ya ragu a kashinsu. Ashe dattawa ba su yi ƙarya ba. Ƙaron ɗanyar gwanda kuwa nasa aikin daban ne: yadda ganyenta ke tausasa nama mai tauri, haka yake narkar da fatar tsutsa. Sai dai tumbin saniya babba ne, kafin ya kai inda tsutsa take ya salance.

Sai kaska. A nan darbejiya ta fi suna. A 1968 wasu masana a Ingila suka ware sinadarin da ke cikinta, kuma a ƙwallon 'ya'yan ya fi yawa, ba a ganye ba. Ba ya kashewa nan take. Ƙwaro ba ya girma sai ya yi saɓa, shi kuma wannan sinadari saɓar yake rikitawa, ya hana ci, ya lalata ƙwai. Wanda ya shafa yau ya zo gobe ya ga kaska na nan, zai ce banza ne, alhali aikin a hankali yake. Rana kuma na kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, dole a riƙa maimaitawa.

Magimfa ta fi ta zafi. Dafinta yana toshe numfashin ƙwayoyin jikin ƙwaro, shi ya sa tun da can masunta ke zuba ta a tafki kifi ya taso. A nan muna roƙonku: wanda ya wanke dabba da ita, kada ya yi a bakin mayo, kada ya wanke bokiti a ruwan da mutane ke sha. Rigimar da muke fama da ita ta gonaki ta ishe mu, kada mu ƙara da ta kifi. Akwai wani abin mamaki game da ita. A 2012 an buga binciken da aka yi a ƙasar Malawi, aka tarar magimfa iri biyu ce. A ido ɗaya suke, amma kusan ɗaya cikin huɗu na wadda manoma suka shuka ba ta da dafin ko kaɗan. Wannan ita ce babbar matsalar maganin daji. Kofi ɗaya na jiƙon Malam ba daidai yake da kofi ɗaya na jiƙon Alhaji ba, don itacen daban, ƙasar daban, lokacin sassaƙar daban.

Kada wani ya raina itace saboda haka. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro daga ɓawon itace aka fitar da shi, a Faransa, a 1820, har an taɓa noman itacen a Dschang. Maganin zazzaɓin da asibiti ke bayarwa yanzu kuwa tushensa wata ciyawa ce dangin tazargade. Wata mata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka fitar da shi a 1972, bayan sun gane tafasawa na ɓata shi, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Dabararsa abin a jinjina ne. Ƙwayar zazzaɓi jini take ci, jini kuma na da sinadarin ƙarfe. Da maganin ya haɗu da ƙarfen nan sai ya fashe a cikin ƙwayar, abincinta ya zama ajalinta. Abin da ya raba shi da jiƙonmu shi ne awo: an tace, an auna, an san nawa ne ke warkarwa.

Yanzu sai sammore, kuma a nan muke so kowa ya buɗe kunne. Dattawa sun san abin da ƙudan tsando ya yi wa Adamawa tun daga shekarun 1950, yadda rugage suka watse. Sun ga feshin jiragen sama da aka yi daga 1976 zuwa 1994. Ƙudan bai ƙare ba, kuma duk mai gangarawa cin rani wajen Bankim ya san haka. Ƙwayar sammore cikin jini take, tana sauya riga a kai a kai har jikin saniya ya kasa gane ta. An gwada itatuwa da dama, har da maɗaci. A cikin kwalba da jikin ɓeraye sukan rage ta, amma babu jiƙon da aka tabbatar yana warkar da saniya. Wanda ya tsaya dafa sassaƙe, saniya na zubar da hawaye tana ramewa, asara yake jira.

Allurar kuma ba ta da yawa. Berenil tun 1955 ake amfani da shi, Samorin ya biyo baya ba da daɗewa ba, kuma har yanzu su ne dai a hannunmu. A shekarun 2000 masu bincike sun tabbatar da cewa a nan Adamawa akwai sammoren da ya daina jin su. Dalilin sananne ne. Ƙaramin ƙunshi, mai giram 2.36, na dabba ce mai nauyin kilo 300. Idan aka raba shi wa shanu uku, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa, ƙuda ya kai su garken maƙwabci. 'Yan uwa fatake, ku ma da ku muke. Yi wa saniya rabin allura don ta miƙe ta kai tike, ciwo ne ake sayar wa wani. Wanda kuma aka yanka bai daɗe da allura ba, maganin na nan a namansa, mutane za su ci. A sayi magani wurin da aka sani, a duba kwanan wata, a haɗa da ruwa mai tsabta da aka tafasa ya huce. Idan an yi daidai ciwo ya dawo, a faɗa wa malamin dabbobi ya ɗebi jini. Akwai masu bincike a Wakwa kusa da Ngaoundéré, akwai LANAVET a Boklé kusa da Garwa, don irin wannan aka kafa su.

Ga yaranmu masu kiwo, a nuna musu gwaska tun suna ƙanana. Ɗaci ba duka ne magani ba, ganyenta kaɗan ya isa ya tsayar da zuciyar saniya.

Sassaƙa ma da ladabinta. Idan aka zagaye itace aka kware ɓawon duka, an yanke masa hanyar abinci, zai bushe. A ɗebi gefe ɗaya, a bar shi ya warke. Mun ga abin da ya sami itacen nan na tsaunuka da 'yan kasuwa ke kira pijiyam, wanda akwai shi a Cabbal Mbabo. An yi ta kwarar ɓawonsa ana kai wa Turai, har a 2007 Tarayyar Turai ta dakatar da saye daga Kamaru na wasu shekaru saboda ɓarna ta yi yawa.

Ilmin ma haka ake kwasarsa. A 2010 ƙasashe sun ƙulla yarjejeniya a Nagoya ta Japan, Kamaru kuma ta yi doka a kai a 2021, cewa mai son ɗaukar ilmin gargajiya na itatuwa sai ya nemi yardar masu shi, a kuma yi maganar rabon amfani. Don haka in baƙo ya zo ruga da littafi yana tambayar sunan saiwa da yadda ake haɗa ta, a ba shi ruwa, a ba shi nono, sannan a kai shi wurin arɗo, a kira ƙungiya. Za mu tambaye shi takardarsa, da inda zai kai abin, da ranar da zai dawo mana da sakamako.