Lissafi Ne Ƙofar Kimiyyar Kwamfuta



Da yawa daga cikin yaran da muka yaye a Fagge da Sabon Gari sukan hau a-daidaita-sahu a Bata zuwa kwalejin CAS, domin karatun share fagen jami'a na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke shirya jarrabawarsa. Mai son kimiyyar kwamfuta yakan zaci na'ura zai zauna yana dannawa, sai ya tarar da lissafi da fizis da kimistiri. Wanda ya ci, aji 2 zai shiga a jami'a. Wanda ya faɗi, shekara da gumin iyaye sun tafi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu ƙarfafa lissafi tun daga ajinmu na sakandare. Allah ya dafa mana.