Kumfa Ɗaya, Dangi Daban-daban

'Yan uwa na Gariki a Inugu, da na bakin gadar Anacha, da na Diyobu a Fatakwal, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya tashi a karkarar Arewa ya san aduwa. A tsotsi 'ya'yanta, a sassaƙa allo da itacenta. Ɓawonta da saiwarta kuwa, in an daka an cuɗa cikin ruwa, kumfa suke yi har a yi wanki. Sinadarin da ke kawo kumfar shi masana ke kira safonin.

Turawa ma suna da tasu, wata ciyawa mai fure ruwan hoda wadda aka daɗe ana wanke ulu da saiwarta. Masanin tsirrai ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa mata suna Saponaria officinalis a 1753, tana cikin dangin Caryophyllaceae. A Indiya da 'ya'yan bishiyar Sapindus ake wanki, a Chile kuma da ɓawon Quillaja.

To ga abin lura. Huɗun nan kowace da danginta. Masana ba sa haɗa zuri'a don amfani ya zo ɗaya. Fure suke dubawa, da 'ya'ya, da iri, yanzu har da ƙwayoyin gado. Aduwa, wato Balanites aegyptiaca, tana dangin Zygophyllaceae, kuma 'yar uwarta a can ita ce tsidau, ƙayar nan da ke sukar mai tafiya ba takalmi. Wa zai ce?

Safonin fa ba na wanki kaɗai ba ne. Na Quillaja yana cikin allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21, wadda aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Na aduwa yana kashe dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, amma yana kashe kifi ma, kuma nan Kudu ƙasar ruwa ce da masunta.

Don haka 'yan uwa masu sayar da saƙe-saƙi, ku riƙa faɗa wa mai saye ainihin itacen da kuka ba shi, kada ku ce wannan madadin wancan ne don duka suna kumfa. Kai kuma mai saye, kada ka jiƙa ka sha abin da ba ka san sunansa ba, ruwan wankinsa kuma a nisanta shi da tafkin kifi.