Hannu Ma Yana Ji: Lacca a kan Tsara Jijjiga a Linzamin Wasannin Bidiyo

Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamaina, 'yan'uwana manoma, da ku 'ya'yanmu ɗalibai na Garun Mallam da Kura da Bunkure, ina yi muku barka da zuwa.

Na san cewa a cikin dattawan da ke zaune a nan akwai wanda, da ya ji maudu'in wannan lacca, ya ce a ransa me ya haɗa ƙasar shinkafa da tumatir da abin wasan yara, kuma ban ga laifinsa ba, domin a zahiri al'amarin ya yi kama da shagala. Sai dai ina roƙon a yi mini uzuri na ɗan lokaci, domin abin nan da samarinmu ke riƙewa da hannu biyu a shagunan wasa na bakin titin Zariya, wanda suke kira fad, ni kuwa na fi son in kira shi linzami tun da shi ake juya abin da ke cikin allo kamar yadda ake juya doki, yana ɗauke da wani ilmi wanda na yi imani mutanen wannan yanki sun riga masana'antun Japan saninsa, ko da yake ba su rubuta shi a littafi ba.

Bari in fara da harshenmu. Bahaushe yana da gani, yana kuma da ji, kuma duk abin da ba ido ne ya kawo shi ba, to a ƙarƙashin ji ya ajiye shi: ya ji kira, ya ji ƙamshi, ya ji ɗaci, ya ji zafi, har fahimtar magana ma cewa yake yi ya ji. Malaman falsafa sun ƙidaya hawassu biyar, kuma Ibn Sina, a sashen da ya yi magana a kan rai cikin littafinsa Al-Shifa, ya ɗauki lamsu, wato taɓawa, a matsayin na farkonsu, wanda da shi ne mai rai yake zama mai rai, domin halitta tana iya rayuwa ba gani, amma ba ta rayuwa in ba ta jin abin da ya taɓa ta. Daga baya likitocin Turai suka leƙa ƙarƙashin fata. Wani Ba'italiye mai suna Filippo Pacini ya bayyana, a shekarun 1830, wasu 'yan ƙwayoyi masu ɓawo a kan ɓawo kamar albasa, waɗanda yanzu aka tabbatar su ne ke kama jijjiga mai sauri, kuma sun fi kaifi idan abu yana kaɗawa wajen sau 250 a daƙiƙa guda. A 1852 Bajamushe Georg Meissner ya bayyana wasu na kusa da saman fata, masu kama motsi mai nawa. Har a 2021 ma kyautar Nobel ta likitanci ta tafi ne ga David Julius da Ardem Patapoutian saboda gano yadda jiki ke jin zafi da taɓawa.

To, ku dubi gonakinmu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya mai da wannan ƙasa ta noman rani, kuma inda kanal bai kai ba injin ban ruwa ya kai. Na sha tsayawa ina kallon manomi, wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba, ya ɗora tafin hannunsa a kan injin da ke aiki, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce ya sha iska, ko ya ce boris ya fara ci, alhali ni da ke tsaye kusa da shi ban ji komai ba sai ƙara. Haka mai injin casar shinkafa a Kura yake gane bel ya saki tun kafin ya duba, haka direban da ya ɗauko kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan yake gane taya ta yi sanyi daga sitiyarin da ke hannunsa. Wannan karatu ne, kuma hannu ne makarancin. Abin da masu tsara jijjigar linzami ke yi shi ne rubuta wa wannan makaranci abin da zai karanta.

Tarihin abin gajere ne. A 1976 kamfanin Sega ya fitar da wasan tseren babur wanda kan babur ɗin ke girgiza idan an yi karo. A 1997 Nintendo ya kawo Rumble Pak, wani ɗan akwati da ake cusawa a gindin linzami, tare da wasan Star Fox 64, kuma kafin shekarar ta ƙare Sony ya fitar da DualShock a Japan. Wanda ya taɓa kwance irin wannan linzami, ko magajinsa na PlayStation 2 da har yau ake samu a shagunanmu, zai ga 'yan injuna biyu, ɗaya a kowane mariƙi, kowane da guntun ƙarfe mai siffar rabin wata a bakin sandarsa. Da yake nauyin ya karkata gefe guda, idan sandar ta juya sai linzamin duka ya ɗauki rawa, daidai da yadda fanka mai lanƙwasasshen fiffike take girgiza silin. Na hagu babba ne, shi ke ba da rugugi mai nauyi, na dama ƙarami, shi ke ba da zuga mai kaifi.

Aibin wannan tsari shi ne ƙarfi da sauri a ɗaure suke da igiya guda: in kana son jijjiga mai ƙarfi dole ta zo da sauri, in kana son mai nawa dole ta zo da rauni, kuma ƙarfen yana buƙatar lokaci kafin ya ɗauki gudu, yana buƙatar wani kafin ya tsaya. Duk da haka abin ya yi darajar da aka je gaban alƙali a kansa, domin a 2002 kamfanin Immersion na Amurka ya kai Sony ƙara a kan haƙƙin ƙirƙira, a 2004 aka yanke wa Sony biyan diyyar dala miliyan 82, PlayStation 3 ya fito a 2006 da linzami marar jijjiga, kuma sai bayan sulhun 2007 ta dawo. Daga nan aka sauya hanya. Nintendo Switch na 2017 ya yi amfani da maganaɗisu da ke kai da komo a kan sifirin, mai tashi da tsayawa nan take, har aka yi wasan da mutum zai karkata linzami ya ƙidaya duwatsun da yake ji suna gangarawa a ciki, alhali babu dutse ko ɗaya. DualSense na PlayStation 5, wanda ya fito a Nuwamba 2020, yana aiki ne irin na lasifika, ta yadda mai tsarawa zai iya aika masa da siffar sauti, hannu ya ji bambancin taku a kan yashi da taku a kan ƙarfe.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin na'ura daban, hikimar sarrafa ta daban. Abu na farko da mai tsarawa yake koyo, kuma galibi bayan ya yi kuskure, shi ne fata tana sabawa. Wanda ya yini a kan babur daga Bunkure zuwa Kano ba ya jin rawar injin bayan ɗan lokaci, sai in ta canja. Saboda haka wanda ya sa linzami ya yi ta ɓari a kan kowane ƙaramin motsi ya kashe harshen da yake son magana da shi, domin lokacin da babban abu zai faru hannu ya riga ya kurumce. Makaɗin kalangu ya san wannan sarai. Yana matse igiyoyi a hammata yana saki, yana barin gurbi tsakanin bugu da bugu, kuma da wannan gurbin ne mai sauraro yake gane kirarin wa ake yi. Mai tsara jijjiga ma yana aiki da abubuwan nan: yadda bugu zai faro, kwatsam ko sannu a hankali, tsawon da zai yi, yadda zai mutu, da shirun da zai biyo baya. Ƙwallon da ta daki turke tana son bugu gajere mai kaifi wanda zai yanke nan da nan, tsawar da ke tahowa daga nesa tana son rugugi mai hawa, kuma in aka musanya su hannu zai ƙaryata ido.

Sa'an nan akwai sha'anin lokaci, wanda a ganina ya fi kome wuya. Idan jijjiga ta makara da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ƙwaƙwalwa ba za ta haɗa ta da abin da aka gani ba, sai ta ɗauke ta wani abu dabam da ya faru da linzamin. Akwai kuma sha'anin amana, wato kowace jijjiga ta riƙe ma'anarta daga farkon wasa zuwa ƙarshensa, ta yadda in bugu biyu gajeru suna nufin haɗari a yau, ba za su koma nufin nasara gobe ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga kurame da masu raunin gani, waɗanda a wurinsu hannu ne ƙofar labari, kuma ina ganin ta wannan fuska ne sana'ar ta fi cancantar a girmama ta.

Ba zan ɓoye wa iyaye cutarwa ba. A 2002 likitoci a Liverpool ta Ingila sun ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 15 da ke yin har sa'o'i bakwai a rana da linzami mai jijjiga, hannuwansa suka riƙa ciwo suna yin fari in sanyi ya taɓa su, irin lalurar da aka sani ga masu aiki da injunan fasa dutse. Israfi a wasa ɓarna ne ga lokaci da salla da karatu, kuma ga jiki ma. Wannan gargaɗi ya shafi 'ya'yanmu da ke yini riƙe da injin huɗa na hannu ko injin markaɗe fiye ma da masu wasa, kuma su ba wanda yake ba su labari.

Abin da ke damuna, ya ku ɗalibai, shi ne mu masu saye ne kawai, alhali kayan koyo suna hannunmu. Wayar da ke aljihunku tana da ɗan injin jijjiga. Manhajar ƙera wasanni mai suna Godot kyauta ce, kuma a cikinta akwai umarni guda da ke karɓar ƙarfin babban inji da na ƙarami da tsawon lokaci, wanda ɗalibin sakandare zai iya gwadawa a yini ɗaya. Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ba su da nisa da ku. Ina burin in ga yaron da ya tashi a bakin kanal ya tsara wasan da zai koya wa ƙanensa, ta tafin hannu, bambancin injin ban ruwa mai lafiya da wanda ya sha iska, kuma kafin ya rubuta layi ɗaya ya je ya zauna da mahaifinsa a gona, ya roƙe shi ya ɗora masa hannu a kan injin, ya faɗa masa abin da yake ji.

Na zo da matattun linzamai guda uku da na karɓo daga wani shago, da sukuddireba, suna kan teburin da ke bakin ƙofa. Bayan addu'a, duk mai so ya zo mu kwance su tare, ya riƙe ƙarfen nan mai siffar rabin wata, mu haɗa masa batir ya ji yadda yake yi.