SANIN ABOKIN CINIKI RABIN JARI NE

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamai, da 'ya'yan Garu maza da mata da suka taso daga Sakkwato da Kano da Abuja da Legas domin halartar wannan zama, ina yi maku barka da zuwa, ina kuma godiya da wannan dama da aka ba ni.

An nemi in yi magana a kan abin da zai amfani 'ya'yanmu masu neman abinci a birane. Na zaɓi batun rarraba abokan ciniki rukuni-rukuni, wato mai sana'a ya kasa masu hulɗa da shi gwargwadon yadda suke saye, domin ya san waɗanda ke riƙe da kasuwancinsa da waɗanda ke shirin barinsa. Kamfanonin waya da bankuna da masu manhajoji sun mai da wannan aiki fanni mai zaman kansa, har suna ɗaukar ma'aikata na musamman dominsa. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Illela ya ga tushen abin tun yana yaro.

DARASI DAGA KARA

Ku tuna da kasuwar Illela ranar Lahadi. Dillalin da ya ƙware a kara ba ya ɗaukar masu saye a matsayin taro ɗaya. Ya san mahaucin gari mai sayen sa ɗaya ko biyu duk mako, wanda nauyin nama ya dama. Ya san falken da ke cika tirela zuwa Kudu, wanda ke neman dabbar da za ta jure doguwar tafiya. Ya san mai turka da ke sayen ramammiya bayan kaka ya ciyar da ita har Babbar Sallah, shi kuwa ƙashi da tsawo yake dubawa. Sannan ga magidanci da ke zuwa sau ɗaya a shekara neman ragon layya ko na suna, wanda kyan gani da cikar shekaru suka fi damunsa. Dabbar ɗaya ce, masu kallonta iri huɗu ne, kuma dillalin da ya kai mai layya wurin ramammiya ya rasa la'adarsa a ranar.

Wannan sani ya daɗe yana riƙe da fataucin Hausawa. Wani manazarci mai suna Abner Cohen, a littafin da ya fitar a 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda masu masaukin fatake ke sayar wa mahautan garin shanu bashi, ba tare da takarda ko banki ba. Abin da ya riƙe cinikin shi ne sun san matsayin kowane mahauci: wane ne ke biya kan lokaci, shanu nawa za a iya amince masa, wane ne kuma ba za a sake sayar masa ba sai ya biya na baya. Ke nan sun kasa mutane bisa halinsu na ciniki, kuma kowane kashi da irin mu'amalar da ake yi da shi.

ABIN DA ZAMANI YA ƘARA

A fagen ilmin kasuwanci na boko, wani masani ɗan Amurka, Wendell Smith, shi ne ya fito da wannan batu fili a wata maƙala a 1956. Ya ce kasuwa tarin ƙananan kasuwanni ce masu buƙatu daban-daban. Mun ga amfanin wannan tunani a ƙasarmu. A 1993 aka fara sayar da madarar Cowbell a 'yan ƙananan ƙunsa, saboda an lura akwai ɗimbin jama'a da ke son madara amma ba su iya sayen gwangwani, sai dai na kofin shayi ɗaya. Haka kuma da wayar salula ta shigo a 2001, da minti ake lissafin kira, ko da kalma biyu mutum ya faɗa. Da kamfanin Glo ya zo a 2003 sai ya kawo lissafi da daƙiƙa, ya ja hankalin masu gajeren kira, dole sauran kamfanoni suka bi sahu.

Abin da kwamfuta ta ƙara a yau shi ne yawan rubutu da saurin lissafi. Duk lokacin da ka sa kati, ko ka sayi data, ko ka tura kuɗi ta manhaja, an rubuta rana da adadi. Daga nan ake auna kowane mutum da tambayoyi uku da 'yan kasuwa suka daɗe suna amfani da su: yaushe rabonsa da saye, sau nawa yake saye, kuma nawa yake kashewa. Shi ya sa saƙon garaɓasar da ke shigowa wayarka yakan bambanta da na maƙwabcinka. Wanda ya yi wata biyu bai sa kati ba ana lallashinsa ya dawo, wanda ke saye kullum kuwa ana tallata masa babban ƙunshi.

HAƊARIN MATSAKAICIN LISSAFI

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu suna sana'ar POS, ko shagon tireda, ko sarin hatsi da albasa. In ka tambayi ɗayansu yadda kasuwa take, sai ya gaya maka jimillar abin da ya samu a wata. To, mu ɗauki misali kawai. A ce mai POS yana da abokan hulɗa 100, kuma ladan aikinsa a wata naira 60,000. In aka raba, kowa ya kawo masa naira 600. Amma da zai buɗe littafi, ƙila ya tarar 'yan kasuwa goma ne ke kawo naira 40,000, sauran mutum 90 suka haɗa 20,000. Ke nan babu ko mutum ɗaya mai kawo 600. Akwai masu 4,000, akwai masu ɗari biyu da 'yan kai. Matsakaicin lissafi ya siffanta masa mutumin da ba ya cikin shagonsa.

Mu mutanen bakin iyaka mun san inda wannan rashin sani ke kai mutum. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba na 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli na 2023, har zuwa Maris na 2024. A ce waɗancan mutum goma na misalinmu daga Ƙwanni suke zuwa. Ranar da aka rufe ƙofa, shagon zai ci gaba da cika da mutum 90, mai shi yana ganin lafiya lau, alhali kashi biyu cikin uku na samunsa ya tafi. Wanda ya san haka tun da wuri zai nemi wasu manyan abokan hulɗa ta ɓangaren Gwadabawa da Sakkwato kafin rana ta ɓaci. Gaskiya ne ido ya san ƙima, amma Hausawa da kansu sun ce ido ba mudu ba ne.

Akwai wata hanyar rarrabawa da duk tsohon malamin makaranta ya sani. Hedimasta ba ya gamsuwa da a ce masa makaranta na da yara 400. Yakan ɗauko rajistar waɗanda aka ɗauka aji ɗaya a shekara guda, ya bi su ya ga nawa suka kai aji shida, kuma a wane aji aka fi zubewa. In a aji huɗu 'yan mata ke raguwa, ya san inda zai sa ƙarfinsa. Masu manhajoji haka suke yi: suna haɗa waɗanda suka shigo a wata ɗaya, su duba nawa suka rage bayan wata uku. Ku tuna ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da jama'a suka yi tururuwa wurin masu POS da manhajojin tura kuɗi. Wanda ya ƙirga wannan taro a matsayin abokan hulɗa na dindindin, har ya ci bashi ya buɗe rassa, ya gina a kan yashi. Tambayar ita ce nawa suka ci gaba da zuwa bayan kuɗi sun wadata, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

YADDA ZA A FARA

Ba sai da kwamfuta ba. Littafi mai layi da biro sun isa, in aka kiyaye abubuwa huɗu.

Na farko, a rubuta kowane ciniki mai ɗan nauyi: wa ya saya, me ya saya, yaushe, nawa, hannu da hannu ko bashi.

Na biyu, a raba mutane bisa abin da suke aikatawa. Babbar riga ko garin da mutum ya fito ba su nuna zai biya bashi ba.

Na uku, kada rukunan su wuce huɗu ko biyar, kuma kowanne ya zama da matakin da za a ɗauka a kansa. Na kullum a kyautata masa, mai sari a tanadar masa kaya kafin ya zo, sabo a ja shi a jiki, wanda ya ɗauke ƙafa a kira shi a ji dalili. Rukunin da ba zai sa ka canza komai ba, ɓata tawada ne.

Na huɗu, a sake duba littafin duk bayan wata uku, domin mutane na tashi daga wannan rukuni su koma wancan, kuma cinikin kaka ba irin na bazara ba ne.

ƘUNGIYARMU FA?

Ya mai girma shugaba, wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Ƙungiyoyi irin tamu sukan aika wa kowa takarda iri ɗaya ta neman gudummawa, daga baya a yi ta kukan mutane sun yi sanyi. Alhali 'ya'yan ƙungiya ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai biyan kuɗin wata ba fashi, wanda ba ya buƙatar komai sai a nuna masa inda kuɗinsa suka shiga. Akwai wanda ba ya biyan na wata, amma in aka ce ga rijiya ko rufin aji sai ya ba da mai yawa. Shi aiki ayyananne za a kai masa. Akwai ɗalibai da sababbin ma'aikata da ba su da kuɗi amma suna da ilmi da lokaci. Akwai 'yan uwanmu mata, waɗanda sau da yawa ko sunayensu ba su cikin rajista. Akwai kuma wanda ya daina zuwa, wataƙila rashin lafiya ne, ko karayar jari, ko wani ɓacin rai da ba a bi ba. Wannan gaisuwa yake buƙata kafin takardar neman kuɗi.

AMANA

Sai dai in ja kunne. Rarraba mutane domin a fi yi masu hidima ne, kada ya zama hanyar raina mai ƙaramin ƙarfi. Yaron da ke sayen katin naira ɗari yau, shi ne mai cika tirela gobe, kuma ba zai manta da yadda aka karɓe shi ba. Sannan lambar wayar mutum da sirrin cinikinsa amana ce a hannunka. Mun ji yadda wasu manhajojin ba da rance suka riƙa aika wa dangin mai bashi saƙonnin tozarci. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai tattara bayanai nauyin tsare su da amfani da su kan abin da aka karɓe su dominsa kawai. Tarbiyyarmu ta riga doka hana tona asirin abokin ciniki.

KAMMALAWA

Ina roƙon abubuwa biyu. Kowane mai sana'a a cikinmu ya buɗe littafi daga wannan wata, bayan wata uku ya zauna ya fitar da mutum goma da suka fi riƙe masa kasuwa, ya tambayi kansa abin da zai faru in suka daina zuwa. Shi kuma sakatare, tare da matasanmu masu ilmin kwamfuta, su sabunta rajistar ƙungiya, su kawo mana ita a kashe rukuni-rukuni a taro mai zuwa, domin mu tsara kiranmu gwargwadon halin kowa.

Allah ya albarkaci nemanmu, ya zaunar da iyakarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.