Daga Kananzir Zuwa Fetur: Farkon Sana'ar Man Ƙasa a Amurka



Mutanen da suka fara haƙar mai ba fetur suke nema ba, abin kunna fitila suke nema. A tsakiyar ƙarni na 19 man kifin nan mai suna wel, wanda masu hali suke zuba wa fitilunsu a Amurka, ya yi tsada ƙwarai, sa'an nan aka gano cewa ana iya tace kananzir daga ɗanyen man da ke tsattsafowa daga ƙasa. Saura yadda za a same shi da yawa.

Ran 27 ga Agusta, 1859, Edwin Drake ya cim ma mai a Titusville ta Jihar Pennsylvania, a rijiya mai zurfin ƙafa 69 da rabi. Nan da nan jama'a suka yi ca, kowa ya haƙa tasa, har gangar da aka sayar dala 20 ta faɗo zuwa santi 10 a ƙarshen 1861. Shi kansa Drake da talauci ya rasu.

Wanda ya ci moriyar wannan rububi shi ne John Rockefeller, wanda ya lura cewa haƙa caca ce, riba tana wajen tacewa da sufuri. Ya kafa kamfanin Standard Oil a 1870, kafin shekara goma ya mallaki kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a ƙasar, sai a 1911 Kotun Ƙoli ta raba shi gida 34.

Fetur kuwa, a farkon zamanin, shara ne mai haɗari, domin in ya gauraya da kananzir fitila takan fashe. Waɗansu matatu cikin kogi suke tuttular da shi. Da wutar lantarki ta fara korar fitila, motar Ford ta 1908 kuma ta cika hanyoyi, sai reshe ya juye da mujiya, aka koma neman dabarar ƙara yawansa. A 1913 William Burton ya samo hanyar farfasa mai mai kauri da zafi da matsi. Wannan aiki yakan fitar da iskar gas, wadda ita ma da fari ƙonewa ake yi. Daga cikinta ne aka haɗa sinadarin isopropyl a matatar Bayway ta New Jersey a 1920, watau sinadari na farko da aka yi don kasuwa daga man ƙasa.