Gwanjon Gidan Mentmore

A karkarar Ingila akwai wani katafaren gida mai suna Mentmore, wanda attajiri Mayer Rothschild ya kammala gininsa a 1854 a tsakiyar lambuna da makiyaya. Amma sa'ad da harajin gado ya yi wa magada nauyi, hukuma kuwa ta ƙi sayensa da kayansa a kan fam miliyan 2, sai aka buga ƙararrawar gwanjo a 1977, kujeru masu ruwan zinariya da agogai suka watse uwa duniya a kan fiye da fam miliyan 6. Haƙiƙa al'umma ta yi hasara, domin kayan tarihi amana ne, kuma wajibi ne mahukunta su kiyaye su tun dillalai ba su iso ba.